Kafin a Saki Ruwa: Littafin Aikina a Wurin Wasan Ruwan Alhaji

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na kama aiki. Alhaji ya gina wurin wasan ruwa a bayan gari, gini ya kusa kammala, ya ɗauko ni in duba masa komai kafin a buɗe: ruwa, wuta, injina, da mutanen da za su riƙe wurin. Ba zan kama sunan wurin ba, ba kuma zan kama na 'yan kwangila ba, don abin da zan riƙa rubutawa a nan har da kurakurai, nasu da nawa.

Abin da na tarar: babban kwami mai injin tada igiyar ruwa, kwamin yara, da hasumiya mai zamiya huɗu. Zamiya ita ce doguwar kwatar nan da mutum ke hawa sama ya sulalo a cikinta ruwa na tura shi. Biyu na mutum ɗaya ne, biyu kuma da tayar roba ake hawa, mutum biyu-biyu. Ɗakin injina yana ƙarƙashin hasumiyar.

Alhaji ya riga ya yanke rana, ranar Ƙaramar Sallah, har an kai aikin fosta. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, sati goma sha ɗaya fa ke nan, kuma huɗu daga ciki azumi ne." Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, in Sallah ta wuce mu, wa zai zo?" Ta fuskar kasuwa yana da gaskiya. Ta fuskar bututu kuwa, ko ɗigon ruwa bai taɓa bi ta cikinsu ba tukuna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kwana shida ina zagaye da rana, da dare kuma ina karatun yadda irin waɗannan wurare suka yi tuntuɓe a farkonsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya fi riƙe ni shi ne Volcano Bay na kamfanin Universal a Orlando, jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe ranar 25 ga Mayu, 2017.

Dalilin da ya sa ya riƙe ni: waɗannan ba baƙi ba ne a harkar. Su ne masu Wet 'n Wild na garin, wanda aka buɗe tun 1977, suka rufe shi a ranar ƙarshe ta 2016 don sabon ya maye gurbinsa. Kuɗi ba matsalarsu ba ne, sun gina dutsen aman wuta na ƙarya mai tsayin ƙafa 200 a tsakiyar wurin suka sa masa suna Krakatau. Duk da haka makonninsu na farko sun sha suka.

Babban abin da suka yi tallarsa shi ne ba layi. A lokacin, kowa ya shiga ana ɗaura masa wani abu kamar agogo a hannu, TapuTapu sunansa. Ka je gindin zamiyar da kake so, ka taɓa shi a jikin wani ginshiƙi, ya kama maka layi, ka tafi ka yi wankanka, in lokacinka ya yi ya sanar da kai. Zamiya ɗaya kawai kake iya kamawa a lokaci guda. A takarda abin ya yi kyau. A kwanakin farko kuwa mutane sun riƙa taɓawa suna ganin jiran awoyi, wasu suka wuni ba su hau fiye da biyu ko uku ba, kuma sau da yawa a bazarar nan wurin kan cika tun da hantsi a rufe ƙofa.

Na daɗe ina juya dalilin, ga yadda na fahimce shi. Layi na tsaye yana da amfani biyu da ba a gode masa. Na farko, yana korar mutane: in ka hango layi ya naɗe kamar maciji, sai ka ce a kai kasuwa, ka tafi wani wurin, don haka layin ba ya wuce wani tsawo. Taɓa agogo kuwa ba ya ci maka komai, kowa zai taɓa, layin da ba a gani ya yi ta tsawo ba mai jin nauyinsa. Na biyu, layi ma'ajiyar mutane ne. Ɗaruruwan da da suna tsaye a matattakala, yanzu duk sun zube cikin kwami da kan kujeru. Ka haɗa wannan da sababbin ma'aikata da hannunsu bai faɗa ba wajen sakin mutane, da zamiyoyin da ke tsayawa a gyara, sai lissafin da aka yi a ofis ya rushe. Na'urar ba ta ƙara wa zamiya ko mutum ɗaya a awa ba, wurin tsayuwa kawai ta sauya wa jama'a.

Shi ne na yi namu lissafin a bayan takardar siminti. In ana sakin mutum duk daƙiƙa 20, zamiya ɗaya za ta ɗauki 180 a awa, biyu 360. Na taya, mutum biyu duk daƙiƙa 30, 240 kowace, 480 ke nan. Jimla 840 a awa, in komai ya tafi daidai ba wanda ya tsaya a baki yana jin tsoro. Alhaji yana maganar mutum dubu biyu a ciki lokaci guda. Wato kowa hawa ɗaya a cikin fiye da awa biyu. Ban nuna masa ba tukuna, sai na samu ranar da yake cikin nishaɗi.

Talata, 28 ga Janairu

Mun cika kwamin yara don gwaji. Ruwan burtsatsenmu garau yake fitowa, har fomanin ya kurɓa ya ce ya fi na leda. Da yamma muka zuba kilorin. Da safe na zo na tarar da kwami kamar an dama shayi, ja-ja, ba ka ganin tayil ɗin ƙasa. Fomanin ya rantse wani ne ya zuba ƙasa da dare, Baba mai gadi ya ce shi dai ba wanda ya wuce ta gabansa, suka fara ɗaga murya.

Ba kowa ba ne, ƙarfe ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan zo da narkakken ƙarfe wanda ido ba ya gani, da kilorin ya taɓa shi sai ya koma tsatsa. Na ɗebo ruwan burtsatsen a kwalba biyu, na ɗiga kilorin a ɗaya, muka ajiye a kan bulo. Kafin a kira azahar ɗaya ta yi launin zuma, ɗayar tana nan fes. Baba ya kalli fomanin bai ce uffan ba, ya koma kan bencinsa.

Maganin yau: alif, a bar shi ya kwanta, a zuƙe, a wanke matatar yashi. Maganin dindindin: tanki a tsakanin burtsatse da kwami, inda ruwan zai sha iska ya zubar da tsatsarsa kafin ya shigo. Ba ya cikin zanen gini, don wanda ya zana bai taɓa auna ruwanmu ba. Da ranar Sallah muka fara cikawa, da wannan shayin za mu tarbi mutane da shi.

Wani abu kuma da kwalbar ta jawo: na auna ƙarfin famfon kwamin yara. Ƙa'idar da nake bi, ta CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce ruwan kwamin yara duka ya ratsa matata cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, na babban kwami na yau da kullum kuwa awa shida. Namu na yara awa uku yake ɗauka. An sa masa famfo kamar na gidan mutum. Kuma ga hazo, kullum da safe sai ka ga ƙura ta shimfiɗu a fuskar ruwan kamar yaɗi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau ta wuta ce, kuma ita ce ta hana ni barci.

Na koma kan Volcano Bay. Ranar 2 ga Yuni, 2019, shekara biyu da buɗewa, baƙi da ma'aikata suka fara jin wuta tana jan su a ƙafa, a ruwa da kan hanyoyin tafiya. Aka rufe wurin da wuri, aka kai wasu daga masu ceto asibiti, duk kuma aka sallame su. Da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA ta bincika, sai aka gano tun lokacin gini aka buga sandar ƙarfen nan ta saukar da wuta ƙasa, ta huda bututun da wayar lantarki ke ciki ta ji wa wayar rauni. Abin yana binne shekara biyu, mutane na tafiya a kai ƙafa ba takalmi. Wannan shi ne irin laifin da nake tsoro, wanda aka rufe da kankare aka shafe da fenti.

Na sa mai gyaran wuta muka bi kowace waya da mita. Fitilun cikin ruwa na babban kwami, waɗanda ya kamata a rage musu wuta zuwa volt 12 ta ƙaramar taransifoma, uku daga ciki kai tsaye aka jona su da 230. Da na tambaya, sai aka ce taransifomomin ba su iso ba a lokacin, aka jona "na wucin gadi" don Alhaji ya ga hasken ranar da ya kawo baƙi. Daga nan kowa ya manta. Ƙarafan riƙewa na matattakala ma mai walda ya kafa su da kyau, amma ba wanda ya haɗe su da waya ɗaya zuwa ƙasa, wanda shi ke hana a samu bambancin wuta tsakanin ƙarfen da hannunka ke kai da ruwan da ƙafarka ke ciki.

Na kashe layin fitilun na sa kwaɗo, mukullin yana aljihuna. Gobe za a fara fasa tayil. Ɗan kwangilar ya kira ni da dare, "Haba Injiniya, tayil ɗin nan daga waje aka kawo shi." Na ce masa in ya samo mini hanyar da waya za ta bi ta cikin kankare ba a fasa ba, ina jira. Na kuma rubuta a sayo na'urar yanke wuta mai milliamp 30 ga kowane layi da ya kusanci ruwa.

Talata, 11 ga Fabrairu

An ɗauke wuta muna cikin ɗakin injina, Allah ya so mu. Manyan famfuna suka yi tsit, amma ina jin wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas a bango. Ƙananan injinan da ke ɗiga kilorin da asid cikin bututu ne. An jona su a layin sola na ofis, don haka ko ruwa ya tsaya su ba sa tsayawa. Kilorin da asid in suka taru a bututun da ruwa ba ya gudu, iskar guba suke haifarwa, da janareta ya tashi famfo ya tura, sai ta fito cikin kwami daidai hancin yara. An sha samun irin wannan a wuraren ninƙaya a ƙasashen da ma wuta ba ta cika ɗaukewa ba, bare mu da ake ɗaukewa sau ba adadi a wuni. Mun mayar da su layin famfo, mun ƙara na'urar da ke jin gudun ruwa: ba gudu, ba ɗigo. Aikin awa biyu ne, kuɗinsa bai kai na fosta ɗaya ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwajin zamiya, kwana na uku. Mun fara da buhunan yashi, sannan mutane. Yaran leburori har rububi suke, ni ma na hau, don ba zan sa hannu a kan abin da bayana bai taɓa ba.

Na taya biyun lafiya lau. Mai ruwan ɗorawa ta karce fomanin a kafaɗa, tsiri ja kamar an ja masa bulala. Muka kashe ruwa na shiga da rarrafe ina shafa kowace mahaɗa da tafin hannu, a ta goma sha ɗaya na ji leɓe ya ɗago kamar kaurin farce. Ƙusoshin gefe ɗaya aka ɗaure tamau kafin na ɗayan. An kwance, an daidaita, an sake liƙewa.

Shuɗiyar ce matsala, mai tsananin gangara. Babban mutum in ya sauko, ruwan da ke kwance a miƙaƙƙen ƙarshenta yana tare shi ya tsaya. Da wani siririn yaro cikin masu fenti ya sauko, sai na ga bai nutse cikin ruwan ba, a kan fuskarsa ya yi ta sulɓi kamar dutsen da aka wurga a tafki, ya karkata, ƙugunsa ya hau gefen kwatar kafin ya dawo. Ya tashi yana dariya yana cewa a sake. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san wannan hoton.

Ranar 27 ga Mayu, 2017, kwana biyu bayan buɗe Volcano Bay, garin Dublin na jihar Kalifoniya ya buɗe nasa wurin, The Wave. A ranar farkon, wani yaro ɗan shekara 10 ya sauko daga zamiyar Emerald Plunge, ya sulɓe a ƙarshenta ya faɗo waje kan kankare a gaban kyamarar 'yan jarida. Ya tsira da ƙujewa. Binciken ya koma kan yawan ruwan da ake saki da zurfin wanda ke kwance a ƙarshen zamiyar, kuma sai a shekara ta gaba aka sake buɗe ta. Wanda ya fi wannan muni shi ne Verrückt a birnin Kansas, mai tsayin sama da ƙafa 168, wadda aka yi ta ɗage buɗe ta a 2014 saboda kwale-kwalen gwaji suna tashi sama. Aka rufa mata raga aka buɗe. A watan Agustan 2016 yaro ɗan shekara 10 ya rasa ransa a kanta, daga baya aka rushe ta. Gwajin ya riga ya faɗa musu gaskiya tun farko.

Mun gwada rage ruwa, mun gwada ƙarawa, mun ɗaga katangar da ke riƙe ruwan ƙarshe. Ya yi sauƙi amma bai daina ba. Takardun kamfanin da ya ƙera ta ba su zo da adadin litar da za a saka ba, na rubuta musu. Har sai sun amsa, an ɗaure bakin shuɗiyar da sarƙa.

Agogon auna daƙiƙa kuma ya ƙaryata lissafina na Janairu. Ba daƙiƙa 20 ba ne tsakanin mutum da mutum, 35 ne, don sai na ƙasa ya fita ya ɗaga hannu.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya shiga ranar Asabar, aiki ya koma sassafe da dare.

Masu ceto goma sha huɗu muka ɗauka, yawancinsu 'ya'yan masunta ne daga wajen Wudil. A ruwa ba ka da abin koya musu. Akwai wani da ke nutsewa daga wannan bango ya ɓullo a wancan ba tare da ya ɗago ba. Amma aikin ceto kashi tara cikin goma kallo ne, kuma nan ne suka faɗi. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce 10 da 20: ka hango mai nutsewa cikin daƙiƙa 10, ka isa gare shi cikin 20. Na cika jarka baƙa da yashi na sa aka zura ta ƙasan kwami ana kunna igiyar ruwa, wasu kuma suna wasa a sama. Na farko ya yi fiye da minti ɗaya bai gan ta ba, idonsa na kan masu ihu. Na ce masa, "Mai ihu yana numfashi. Wanda ba ka jin muryarsa shi za ka nema." Yaro in yana nutsewa ba ya kira, ba ya ɗaga hannu, tsaye yake a ruwa kansa a baya, baki na shiga yana fita.

Dattijon da ya kawo su, wanda duk suke kira Baba, ya zauna a inuwa yana kallonmu kwana biyu. A na uku ya ce mini, "Yaro, a kogi ma haka ne, shiru yake ɗauka." Daga nan shi ya karɓi horon, kuma sun fi jin maganarsa fiye da tawa. Sun nemi a mayar da shiga ruwa bayan tarawi, kada ruwa ya wuce musu maƙogwaro da rana, na amince. Za su riƙa sauya kujera duk minti 30, don ido yana gajiya ko mai shi bai sani ba.

Abin da ban warware ba: Alhaji ya yi alƙawarin ranakun mata zalla, kuma mata masu ceto biyu kacal muka samu.

Alhamis, 20 ga Maris

Na kai wa Alhaji takarda bayan an sha ruwa. Shuɗiya a rufe, sauran ukun a gudun da muka auna, masu ceto goma sha huɗu, matata mai iyakar abin da za ta iya tacewa. Na ce mutum 700 a ciki lokaci guda, a raba wunin gida biyu, kuma a bar mu mu yi buɗewar gwaji da 'ya'yan ma'aikata kafin Sallah. Ya ce 700 ko kuɗin gas ba za su fitar ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce shi ma ya san karin magana. Mun rabu a kan 900, gwaji kuma da dare ɗaya, yara sittin. Na so uku.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah, jiya muka buɗe. Ina rubutu ƙafafuna cikin bokiti.

Ƙofa ta riƙe 900 har wajen ƙarfe biyu. Daga nan masu katin gayyata suka fara isowa, kowane kati da mota biyu a bayansa, kuma ba yaron da ke ƙofa da zai ce wa surukin Alhaji ya koma. Ban san adadin da ya shiga ba daga wannan lokacin, na dai daina ganin tayil ɗin bakin kwami.

Abin da duk karatuna na Amurka bai shirya ni a kai ba shi ne tufafi. Mun rubuta a allo cewa sai da kayan wanka, muna ma sayarwa. Yara suka zo da kayan Sallah, uwaye suka tuɓe musu riga suka bar wando, samari suka faɗa da singileti da jins. Sabon yadi yana zubar da zare da shuni da sitati. Ƙarfe uku matsin famfo ya faɗi, na buɗe kwandon da ke tare datti na ciro dunƙulen zare kamar gashin da aka tsefe, da ledar alewa, da hula ɗaya. Sau huɗu muka wanke shi kafin magariba. Maɓallan jins kuma sun bar zane a zamiya mai ruwan ɗorawa, wadda na shafe da hannuna.

Kilorin ya kamata kada ya sauka ƙasa da 1 a ma'auni, mu da muke sa maganin kare shi daga rana ma 2 ne, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8. Da safe muna kan 3. Rana ta take, zufa da man shafawa da turaren Sallah suka shiga, kafin la'asar ɗigon gwajin da kyar yake sauya launi. Ruwan babban kwami ya fara yin fari-fari. Ruwa ba ya tsami banza. Na tsaya a gefen mai zurfi na nemi murfin magudanar ƙasa da ido, ban gan shi ba. In ni ban ga murfi ba, mai ceto ba zai ga yaro ba. Na sa aka busa usur aka fitar da kowa. An zage ni da Hausa da Turanci, wata Hajiya ta ce a biya ta kuɗinta, Alhaji ya kira sau uku ban ɗaga ba sai a na huɗu. Minti hamsin muka yi a rufe.

Kafin wannan, wajen ƙarfe ɗaya, yaron nan da ya kasa ganin jarka ya yi tsalle daga kujerarsa ba tare da kowa ya san dalili ba, ya ɗago wata yarinya da igiyar ruwa ta raba da tayarta. Mahaifinta yana tsaye taku biyar daga wurin, yana ɗaukar ƙaninta hoto. Ta yi tari ta yi kuka, shi ke nan.

Kuskurena ni: kankaren da ke tsakanin kwami da hasumiya. Duk gwajinmu da safe ko da dare muka yi, ban taɓa taka shi da tsakar rana ƙafa ba takalmi ba. Yara suna gudu a kai saboda ƙuna, gudu a jiƙaƙƙen wuri kuma faɗuwa ne. Gwiwa shida muka wanke. Yau an shimfiɗa tabarmin roba, an ja tiyo yana jiƙa hanyar.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Wani yaro ya yi zawo a kwamin yara da hantsi. Mai kula da wurin ya so ya kwashe da raga a ci gaba, na hana. Akwai ƙwayar cuta mai suna Kiriptosporidiyum da ke fita a zawo, wadda ke iya yin fiye da mako guda da rai a ruwan da kilorinsa ke daidai. Kashe ta sai an kai kilorin 20 an riƙe shi kusan awa 13, kuma in akwai maganin kare rana a ruwan, kamar namu, lokacin ya fi haka tsawo. Kwamin ƙarami ne, don haka muka zubar, muka wanke, muka sake cikawa ta sabon tanki. Wuni guda ya tafi. Ruwan ya shigo garau, wannan karon ba shayi.

Banɗakin yara yana can bayan wurin sayar da abinci, tafiya mai nisa ga ɗan shekara uku. Na sa a zanen gyara a dawo da biyu kusa da kwamin, da wurin wanke jiki a bakin shiga.

Laraba, 9 ga Afrilu

Jama'a sun ragu, yau ba mu kai 300 ba, ruwa kamar gilashi. Alhaji ya zo da yamma ya zagaya, ya daɗe a gindin shuɗiyar yana kallon sarƙar. Ya tambaya ko za ta buɗe kafin Babbar Sallah. Na ce kamfanin ya amsa jiya, sun turo adadin ruwan da zurfin da ake so, namu ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wato sai an sauya famfonta. Ya ce nawa, na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce in rubuto.

Katin gayyata ya yarda a ƙirga shi cikin 900. Kayan wanka za su shiga cikin kuɗin tikiti, a miƙa wa mutum a ƙofa. Ranar mata an ɗage ta zuwa Mayu. Baban masu ceto ya ce akwai 'yan mata huɗu a garinsu da suka iya ruwa, zai yi magana da iyayensu ranar Juma'a. Ni kuma gobe zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman bawul mai inci huɗu, sannan in hau rufin ɗakin injina, don na ga wata tsaga daidai saman allon wuta, kuma damina ta kusa.